Bin sawun Osprey a kan teku: kundin aiki na 2024

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Yau na buɗe wannan kundi, a daidai lokacin da kusan babu jirgin saman soja na Osprey da ke tashi a duniya. Tun 6 ga Disamban bara sojojin Amurka suka ɗaure su gaba ɗaya, mako guda bayan wani CV-22, wato Osprey na rundunar sama, daga sansanin Yokota ya faɗa teku kusa da tsibirin Yakushima na Japan ranar 29 ga Nuwamba, mutum takwas ɗin da ke ciki duk suka mutu. Japan ma ta ajiye nata. Wana da ya ji abin da nake shirin yi sai ya yi dariya, ya ce wane irin maharbi ne zai ɗana tarko bayan an kwashe naman dajin. Na ce masa, "Yaya, ai lokacin da daji ya yi shiru ake koyon hanyoyinsa."

Ga abin da nake nema: in kama ayarin Osprey yana ƙetare teku da ƙafarsa, daga tashi zuwa sauka, zango bayan zango, in rubuta wace hanya ya bi, awa nawa ya yi, wa ya raka shi.

Ga wanda bai san jirgin ba, V-22 ne, ƙirar kamfanonin Bell da Boeing. Yana da manyan farfela biyu a ƙarshen fikafikansa, faɗin kowace mita 11.6. Idan injinan suna kallon sama, sai ya tashi tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu. Da ya ɗaga sai ya kwantar da su gaba, ya zama jirgi mai fiffike, yana tafiya wajen kilomita 450 a awa, kusan ninkin gudun helikwafta. Ya fara tashi 19 ga Maris 1989, bai shiga aikin soja sosai ba sai 2007. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi ta tallarsa da su a tsawon shekarun nan shi ne zai iya kai kansa fagen aiki, ba sai an kwance shi an cusa a cikin babban jirgin dakon kaya ba kamar yadda ake yi wa helikwafta. To sau nawa ya yi hakan da gaske? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ranar haɗa kaya. Ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, da 'yar na'urar kama sigina ta RTL-SDR mai kama da filashi, da manhajar dump1090. Jiragen sama suna yaɗa bayanan kansu a kan megahaz 1090, kuma tsarin da ake kira ADS-B shi ne wanda jirgi ke faɗin inda yake, tsayinsa da gudunsa, ba tare da an tambaye shi ba.

Eriyar da ta zo da na'urar ba ta da wani amfani, don haka Yaya ya ce mu yi tamu. Ya ɗauko wayar tagulla mai kauri, ya auna milimita 69 da rula, ya yanke guda biyar. Ɗaya ya tsayar a tsakiyar soket, huɗun ya liƙa su da dalma a kusurwoyi, ya lanƙwasa su ƙasa, abin ya fito kamar gizo-gizo ya ɗaga ƙafa ɗaya. Na tambaye shi me ya sa 69. Ya ce rubu'in tsawon zangon siginar ke nan, in ka ƙara ko ka rage da yawa sai ta kurumce. Ta farko da na yanka da kaina ta wuce da kusan milimita biyar, ya karɓa ya jefa a kwandon shara bai ce uffan ba.

Na san Osprey ba zai bi ta kan rufina ba. Amfanin na'urar biyu ne: in riƙa tura abin da ta kama zuwa rumbunan da masu sha'awa ke tarawa, irin su ADS-B Exchange da adsb.lol, waɗanda ba sa ɓoye jiragen soja. Sannan in gani da idona yadda jirgi ke ɓacewa daga taswira idan ya yi nisa ko ya yi ƙasa. Na biyun ya fi muhimmanci, kamar yadda zan bayyana.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mako guda ina kallon jiragen fasinja suna shigowa da'irata suna fita, kuma yanzu na fahimci girman matsalar.

Siginar 1090 ba ta lanƙwasa, a miƙe take tafiya kamar gani. Ƙasa kuwa a dunƙule take. Jirgin fasinja da ke mita 11,000 a sama, eriya mai kyau za ta iya jin sa daga nisan kilomita 400 da ɗoriya. Osprey ba ya hawa can. Iyakar hawansa ƙafa 25,000 ne, kuma cikinsa ba a matse yake da iska irin na jirgin fasinja ba, don haka idan da mutane a baya galibi wajen mita 3,000 yake bi. A wannan tsayi, da ya wuce kilomita 220 ko makamancin haka daga eriya ta ƙarshe a bakin teku, shi ke nan, teku ta haɗiye shi. Akwai tauraron ɗan'adam da ke jin ADS-B daga sararin samaniya, na kamfanin Aireon, tun 2019 ake amfani da shi a arewacin Atlantika, amma na hukumomin kula da zirga-zirgar jirage ne, ba na irinmu ba.

Sai matsala ta biyu. Jirgin soja ba dole ne ya faɗi inda yake ba. Sau da yawa abin da za ka samu kawai lambarsa ta Mode S ce da tsayinsa, babu wuri. A nan ake komawa ga dabarar da ake kira MLAT: idan eriya uku ko huɗu a wurare daban-daban suka ji sigina guda, ana auna bambancin lokacin da ta isa kowace, a lissafo inda ta fito. A kan Ingila ko Japan, inda eriyoyi suka yi yawa kamar tururuwa, abin yana aiki. A kan tsibirin da mutum ɗaya ne ke da na'ura, ko babu kowa, ba ya aiki ko kaɗan.

Ta uku: idan suna tafiya a ayari, yawanci na gaba kaɗai ke barin na'urarsa a kunne. Ɗigo guda a taswira yana iya zama jirgi ɗaya, yana iya zama shida.

Na rufe kwamfutar da daddare ina jin kamar in haƙura.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ban haƙura ba. Tunda sama babu kowa, na koma tono tsofaffin tafiye-tafiye daga sanarwar sojojin da hotunan da suke sakawa a rumbunsu na DVIDS. Waɗanda na tabbatar zuwa yanzu:

Yuli 2006. MV-22 biyu, wato Osprey na sojojin kundunbala, sun tashi daga Goose Bay a Kanada zuwa bajen kolin jirage na Farnborough a Ingila, jiragen KC-130J na ba su mai a hanya. Ɗaya ya samu matsalar inji ya karkata zuwa Keflavik a Aisland, sai daga baya ya ƙarasa. Ƙetarewar farko ke nan ta Atlantika, kuma tun a ranar farko ta nuna darajar filin da za a gudu a sauka.

Nuwamba 2008. CV-22 huɗu na rundunar sama sun taso daga Hurlburt Field a Florida suka kai kansu Mali don atisayen Flintlock.

Daga 2013. Bayan harin Bengazi na 2012, sojojin kundunbala na Amurka sun kafa rundunar ko-ta-kwana a Moron da ke Sifaniya, da MV-22 da KC-130J nasu. Daga can suka miƙa zuwa Jibuti da Entebbe ta Yuganda a ƙarshen 2013 lokacin rikicin Sudan ta Kudu, kuma a Oktoban 2014 huɗu suka je Laberiya lokacin annobar Ebola, ta hanyar Dakar.

Afrilu 2017. MV-22 huɗu na rukunin VMM-268 daga Kaneohe Bay a Hawai zuwa Darwin a Ostareliya, ta tsibirin Wake da Guam. Karon farko da suka ratsa Pasifik haka.

Satumba 2022. Wasu na wannan rukuni sun koma gida daga Darwin ta kudu, ta Fiji da Samoa ta Amurka da Kiribati.

Ina cikin jera su ne abin ya faɗo mini. Babu tafiya ko ɗaya a cikinsu da Osprey ya yi shi kaɗai. Kowace akwai jirgin dakon mai a gefensa. Ba zai iya ba: mansa ba ya kai shi daga Hawai zuwa Wake, tazarar da ta kai kilomita 3,700. Dole KC-130J ya sako masa mesa daga ƙarƙashin fiffike, da wani abu kamar kwando a bakinta, shi kuma ya soka dogon bututun da ke hancinsa a ciki ya sha. Kuma jirgin dakon man nan babba ne, yana magana da masu kula da sararin teku, yana da takardar tafiya, sau da yawa yana barin ADS-B a kunne. Ga kuma na dakon kaya da ke yin gaba da makanikai da kayan gyara.

Ashe na yi makonni ina neman jirgin da bai kamata in nema ba. Wanda ke son sanin inda jariri yake, uwar goyo yake bi.

Asabar, 2 ga Maris

Na sake tsara jadawalin. Kowane layi yanzu yana da launi. Kore: an ga jirgin kansa, ko a taswira da lambarsa ko a hoto mai kwanan wata. Rawaya: an ga ko an ji mai rakiyarsa kawai. Ja: zato ne, na haɗa ɗigo biyu da tunanina. Doka ɗaya, ja ba ya komawa kore don kawai ya yi kama da gaskiya.

Na kuma fara tara lambobi. Kowane jirgi yana da lambar shaida ta haruffa da alƙaluma shida a na'urarsa, kuma yawancin na sojan Amurka da AE suke farawa. Ban da ita akwai lambar da ke jikin jirgin: ta sojan ruwa da kundunbala alƙaluma shida ce, ta rundunar sama kuwa tana farawa da shekarar da aka ba da kuɗin sayensa. Haruffan wutsiya suna faɗin rukuni, YQ na VMM-268, ET da EP na rukunan biyu da ke Futenma a Okinawa. Aikin haɗa lambar na'ura da lambar jiki shi ne mafi gajiyarwa, domin rumbunan masu sha'awa suna kwafar juna, kuskure ɗaya sai ya haifi 'ya'ya goma. Na ci karo da wata lamba da rumbu biyu suka ce V22 ce, amma tarihin tafiyarta ya nuna tana hawa sama da ƙafa 30,000. Osprey ba ya zuwa can. Na goge ta.

Juma'a, 8 ga Maris

An ɗage dokar hana tashi yau, bayan wata uku. Sanarwar ta ce wani ɓangare na jirgin ne ya gaza a haɗarin Yakushima, ba ta faɗi wanne ba, kuma kowace runduna za ta dawo a hankali bisa tsarinta.

Juma'a, 15 ga Maris

Jiya na Futenma suka fara tashi. Na ga abin da nake jira tun Fabrairu, alamar V22 a taswira, tana rawa irin ta MLAT, layin yana karkacewa kamar tafiyar maye, sannan ya ɓace bayan mintuna kaɗan. Kewayen gida ne kawai. Duk da haka na kira Yaya ya zo ya gani. Ya duba ya ce, "To, ƙanena, wannan ɗigon ne ya hana ka barci wata guda?" Na ce shi ne.

Asabar, 6 ga Afrilu

Makonni uku ina koyon sauraro, kuma wannan ɓangaren ya fi komai daɗi.

A tsakiyar teku rediyon da jirage ke amfani da shi kusa da filaye ba ya kaiwa, sai gajeren zango. Ba ni da eriyar da za ta ji Atlantika, amma akwai na'urorin da masu su suka buɗe wa kowa ta intanet, kamar ta Jami'ar Twente a Holan da ɗimbin na KiwiSDR. An raba arewacin Atlantika tsakanin cibiyoyi: Gander daga yamma, Shanwick daga gabas, iyakarsu a layin digiri 30 yamma, sai Santa Maria a kudu wajen tsibiran Azores, da New York. Sunan Shanwick ma haɗi ne, Shannon da Prestwick, domin gidan rediyon yana Ailan, masu ba da umarnin suna Sikotlan. Da dare nakan zauna a kilohaz 5598 da 5616, da rana 8864 da 8906.

Yawancin jiragen fasinja yanzu da rubutu suke aika rahotonsu ta tauraron ɗan'adam, abin da za ka ji daga gare su gwajin ƙararrawa ne kawai, sauti biyu, sai godiya. Amma har yanzu akwai masu bayar da rahoto da baki, kuma jiragen soja masu farfela suna cikinsu. Daren Laraba na yi gwajin farko na gaske da wani jirgin dakon kayan soja C-130 da ba shi da alaƙa da Osprey. Na gan shi ya bar gaɓar Kanada a taswira, ya ɓace. Na sa abin ji a kunne na jira. Shuuu kawai, da ƙarar tsawa daga wata duniya, da wata murya can ƙasa kamar ana magana cikin tulu. Bayan fiye da awa guda sai ga sunan kiransa. Ya faɗi inda yake da digiri, da lokaci, da tsayi, da inda zai kai nan gaba da ƙarfe nawa, da wanda ke biye. Hannuna na rawa na rubuta, na rasa alƙaluma biyu, mai rediyon ya maimaita masa don tabbatarwa, na cike gurbin daga bakinsa. Da na ɗora wuraren a taswira na raba nisa da lokaci, gudun ya yi daidai da na C-130. Da asuba ya bayyana a gaɓar Turai, mintuna kaɗan daga lokacin da na lissafa.

Abin da zan nema ranar da Osprey ke biye da shi: jirgin dakon mai da ke tafiya ƙasa da inda ya saba, a hankali fiye da yadda ya saba, yana neman a ba shi tsayi daga kaza zuwa kaza maimakon tsayi guda. Irin wannan keɓe sarari ana sanar da shi tun kafin tafiya a cikin sanarwar matuƙa da ake kira NOTAM, don haka na ƙara duba su cikin aikin kowace safiya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kuskure, kuma nawa ne. Na rubuta lissafin da zai riƙa fitar da tsawon kowane zango, na gwada shi da misali: tashi daga Hawai ƙarfe 8 na safiyar Litinin, sauka a Wake ƙarfe 3 na yammacin Talata. Ya ba ni awa 31. Na yi ta neman inda lissafin ya karye, alhali lafiyarsa lau. Wake yana ƙetaren layin da kwanan wata ke canjawa, yana gaban Hawai da awa 22. Tafiyar awa 9 ce. Guam kuma yana bayan Wake da awa biyu, Darwin yana bayan Guam da rabin awa, don a ƙara wa mai lissafi ciwon kai. Na bi duk jadawalin na mayar da kowane lokaci agogon GMT, wanda matuƙa ke kira Zulu. Layuka bakwai da na ɗauka kore ne sun koma rawaya, domin kwanan watan da ke jikin hoto bai faɗi agogon wace ƙasa ba ne.

Wannan ne lokacin da sojojin kundunbala ke komawa Darwin kowace shekara tun 2012, su zauna daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Na sa ido a kan Wake da Guam da Kwajalein. Ban ga wani ayari ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Yanzu na san dalili, ko aƙalla babban ɓangarensa. Labari ya fito cewa ɗage dokar da aka yi a Maris da sharaɗi ya zo: kada Osprey ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 30 daga filin da zai iya sauka idan wani abu ya taso.

Na ɗauko taswira da kamfas. Minti 30 a gudunsa wajen kilomita 220 ne. Ma'ana duk inda tazarar filaye biyu ta wuce kamar kilomita 440, akwai rami a tsakiya da ba a yarda ya shiga ba. Na zana da'irori a kan hanyar arewa. Daga Goose Bay zuwa Narsarsuaq a Girinland ya haura kilomita 1,200. Daga can zuwa Keflavik kusan haka. Hanyar kudu ta fi muni, daga St. John's zuwa Lajes a Azores wajen 2,300. Pasifik kuwa ba a magana, da'irorin kamar ƙwayar gero a faranti. Muddin sharaɗin nan yana nan yadda aka faɗe shi, abin da na buɗe kundin nan don in kama ba zai faru ba, sai dai in an yi wa wata tafiya izini na musamman.

Wanda abin ya fi shafa shi ne CMV-22B na sojan ruwa, da aka saya don ya gaji tsohon C-2 wajen kai saƙo da kaya da injin jirgin yaƙi zuwa manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jirage. Jirgin ruwan da ke tsakiyar teku ba ya zama kusa da filin sauka don a ji daɗi. Sai ga tsohon da ake shirin yi wa ritaya ya ci gaba da aiki.

A nan zan faɗi ra'ayina. Maganar "yana kai kansa" gaskiya ce, jadawalina ya nuna, amma gaskiya ce mai tsada. Kowace ƙetarewa tana cin jiragen dakon mai, da kwanaki, da awoyin inji da na akwatin giya waɗanda ƙidayayyu ne. Shi ya sa ko a lokacin da babu wani sharaɗi, jirgin ruwa ne ke yin mafi yawan dakon. Na Okinawa na farko a jirgin ruwan kaya suka iso Iwakuni ta Japan a Yulin 2012. Na Japan ma haka suka iso a 2020. An ƙera shi ya naɗe farfelunsa ya juya fiffikensa ya kwanta a kan gadon bayansa cikin kamar daƙiƙa 90, don ya shiga cikin jirgin ruwa. Injiniyoyin da suka yi wannan sun san inda zai fi yin tafiyarsa.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na buɗe sabon shafi a jadawalin: jiragen ruwa. Su ma suna yaɗa inda suke ta tsarin AIS. Ban taɓa zaton aikin bin jirgin sama zai mayar da ni mai gadin tashar jiragen ruwa ba. Ana neman manyan masu dakon motoci da ke tsayawa a tashoshin da ke kusa da sansanoni. Duk layukan shafin ja ne, domin AIS ba ya faɗin abin da ke cikin jirgi.

Wani da muke musayar bayanai ya tambaye ni ko ba na tsoron abin da nake tarawa ya cutar da wani. Amsata: ba na jin komai sai abin da jirgin ya yaɗa da kansa a fili, kuma ranar da suke son ɓuya kashe na'urar suke yi, babu wanda ke ganinsu. Duk da haka na ɗaura wa kaina doka, ba na fitar da hanyar ayari sai ya sauka.

Alhamis, 13 ga Yuni

Jiya Vice Admiral Carl Chebi, shugaban sashen da ke kula da jiragen sojan ruwa, ya shaida wa wani kwamitin majalisar wakilan Amurka cewa ba a sa ran Osprey zai koma cikakken aiki kafin tsakiyar 2025. Shekara guda ke nan nan gaba, in ma an cika alkawari.

Tunda jira ya yi tsawo, na cike wani layi da na daɗe ina ɗagawa: Bor, 21 ga Disamba 2013. CV-22 uku sun taso daga Jibuti don kwashe Amurkawa daga garin a Sudan ta Kudu, aka buɗe musu wuta suna shirin sauka, sojoji huɗu suka ji rauni. Da tankunan mai a huje suka juya zuwa Entebbe, tafiyar kusan kilomita 800, mai yana zuba suna komawa bayan jirgin dakon mai suna sha. Ba ƙetare teku ba ce, kuma da farko na yi niyyar barin ta a waje. Na saka ta saboda babu labarin da ya fi ta nuna abin da na gano a Fabrairu game da mesar nan da kwandonta.

Laraba, 3 ga Yuli

Na Yokota sun fara tashi jiya, wata bakwai bayan haɗarin abokan aikinsu. A Ingila ina sa ido kan Mildenhall, inda CV-22 ke amfani da sunan kira Knife, masu ba su mai MC-130J kuma Strix. Idan wata rana za a ƙetare Atlantika, a nan ko a Prestwick ko Keflavik zan fara ganin alama.

Ruwa ya shiga soket ɗin eriyar, nisan da take ji ya ragu da rabi. Yaya ya sake yanka tagulla, wannan karon muka kifa mata robar ruwa da aka yanke gindinta.

Asabar, 3 ga Agusta

Rahoton binciken Yakushima ya fito ranar Alhamis, na kwana biyu a kansa. Wata ƙaramar giya ce ta tsage a cikin akwatin giyar farfelar hagu, wanda ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa farfela. Kafin ya tarwatse, na'urar da ke gano ɓurɓushin ƙarfe a cikin man giya ta yi ta ba da gargaɗi sau da dama. Matuƙan sun ci gaba da tafiya, akwai filaye mafi kusa da suka wuce, sai da gargaɗin ya tsananta suka nufi Yakushima, kuma suna dab da sauka akwatin ya watse. Osprey yana iya tafiya da inji ɗaya, domin akwai sandar da ta ratsa fiffike ta haɗa farfelun biyu. Amma idan akwatin giyar gefe ɗaya ya mutu, farfelar wannan gefen ta tafi, kuma babu abin da ɗaya gefen zai iya yi.

Da na gama karantawa na koma kan da'irorin da na zana a Mayu. A lokacin haushinsu nake ji, sun hana ni abin da nake nema. Yanzu na ga daga ina minti 30 ɗin ya fito: tsakanin ɓurɓushin farko da watsewar giya akwai ɗan lokaci, kuma ana so fili ya kasance a cikin wannan lokacin. Na ɗora yatsa a tsakiyar layin Hawai da Wake, inda kowane gefe ya fi awa huɗu, na daɗe ban ɗauke ba.

Matsayin aiki a yau: tsofaffin tafiye-tafiye da na jera suna nan, zangon Guam zuwa Darwin na 2017 har yanzu rawaya ne. Ƙetarewar da na kama kai tsaye, babu. Ƙararrawar da na saita tana kan jiragen dakon mai na rukunan VMGR-152 da 153 da 252 da 352, za ta buga idan biyu ko fiye suka nufi Wake, Lajes ko Goose Bay a rana guda. Sau uku ta tashe ni a watan jiya, duka ukun jiragen dakon man ne kaɗai ke tafiyarsu. Gobe zan ƙara mata sharaɗin tsayi, kada ta buga sai sun yi ƙasa da ƙafa 15,000.